Maɗin Ɗinya Da Maɗin Mapul: Zaƙin Da Muka Bari A Dawa

Gabatarwa

Kwanakin baya muna zaune da maraice a ɗakin kwanan ɗalibai, sai wani abokin karatuna ya miƙo mini wayarsa, ya ce in zo in ga ikon Allah. Ko da na duba sai na ga wani dattijon Bature a ƙasar Amurka, yana tsaye cikin ƙanƙara a bayan gidansa, ya huda gindin wata itaciya, ya soka ɗan bututu, ya rataya bokiti, ruwa yana ɗigowa ɗis-ɗis. Can sai aka nuna shi da iyalinsa sun hura wuta a fili suna dafa ruwan nan, har ya koma wani abu ja-ja mai kauri, suna ɗurawa cikin kwalabe. Abokin nan nawa ya girgiza kai ya ce, "Ka ga mutanen da Allah ya yi wa gata. Su ko itacen bayan gidansu zuma yake zubarwa, mu kuwa sai dogon yaro da ɗacinsa."

Na ce masa ai abin da ya gani ba zuma ba ne, sunansa maɗi. Sai ya tambaye ni mene ne maɗi. Wannan tambaya ita ta ɗaure mini kai, domin mai yin ta haifaffen Gusau ne, kuma ɗalibi ne a Sashen Hausa. Da na bi sauran 'yan ajinmu da tambayar, sai na tarar kaɗan ne suka san abin da ake nufi, waɗanda suka taɓa lasarsa kuwa ba su kai yatsun hannu guda ba. Dalilin rubuta wannan maƙala ke nan. Ra'ayina shi ne, sana'ar fid da zaƙi daga itatuwa tamu ce tun kaka da kakanni, sakaci ne ya sa ta kama hanyar mutuwa, kuma ba za ta tsira ba sai an yi abu biyu: a dawo da itatuwan kusa da gida, a kuma rubuta ilmin sana'ar tun masu shi suna da rai. Ina roƙon malamaina su gyara mini inda na kauce, domin ɗalibi ba ya wuce gyara.

Yadda Ake Yin Maɗin Mapul

Kafin mu zo gida, ya kyautu mai karatu ya san abin da ya burge abokin nawa. Itaciyar da Turawa suke kira mapul tana fitowa ne a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, ita ce kuma mai ganyen nan da ke tsakiyar tutar Kanada tun shekarar 1965. Lokacin zafi ganyenta yakan sarrafa abinci, itaciyar ta adana shi a jikinta da saiwoyinta. In hunturunsu ya zo ƙarshe, watau tsakanin watan Fabrairu da na Afrilu, sai abincin nan ya juye ya zama sukari cikin ruwan jikinta. A 'yan makonnin nan dare yakan yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuwa ta ɗan sassauta ƙanƙara ta narke. Daskarewar dare takan sa itaciyar ta zuƙo ruwa daga ƙasa, narkewar rana kuma ta turo shi waje ta duk inda aka huda. Da zarar dare ya daina daskarewa, itaciyar ta fara toho, to kakar bana ta wuce, ba ta fin mako huɗu zuwa shida.

Ba a huda ƙaramar itaciya. Sai faɗin gindinta ya kai kamar santimita 25, abin da kan ɗauke ta shekara talatin zuwa arba'in. Ruwan da ke fitowa fari ne tas kamar na rijiya, zaƙinsa kuwa ɗan kaɗan ne, domin sukarin da ke ciki bai fi kashi 2 cikin ɗari ba. Saboda haka sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita guda ta maɗi, kuma lita arba'in ɗin nan ita ce kimanin abin da huda ɗaya takan bayar a kaka guda. Galibi a waje ake dafuwar, domin tururin da ke tashi ya isa ya jiƙe ɗaki. Akan san ya nuna in zafinsa ya kai digiri 104 a ma'aunin Salshiyas, lokacin nan sukarinsa ya kai kashi 66 cikin ɗari. In aka sauke kafin haka zai yi tsami ko ya yi fumfuna, in kuma aka zarce zai daskare ya yi tsakuwa cikin kwalba.

Su ma Turawan ba su suka ƙago sana'ar ba. Sun tarar da 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Ojibwe da Irokwa, suna yin ta, suka koya a hannunsu. Ita wannan itaciya ba za ta yi mana amfani a Zamfara ba ko da mun dasa ta, domin komai tsananin hunturu a Tsafe ko Kwatarkwashi, ba a taɓa wayar gari an ga randa ta daskare ba. Don haka kada wani ya zaci kira nake yi a sayo iri daga Kanada.

Namu Maɗin

Maɗi a Hausa shi ne ruwan zaƙi da aka tatso daga rake ko daga 'ya'yan itace, aka dafa shi har ya yi kauri. Wanda ya fi shahara a ƙasarmu shi ne na ɗinya, wadda mu a Zamfara da Sakkwato mukan ce ɗunya ko ɗumya, masana tsirrai kuma suke kira Vitex doniana. Itaciya ce babba mai son damshi, shi ya sa aka fi ganinta a fadamu da bakin gulbi, kamar gaɓar Gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau ya wuce ta Bunguɗu. 'Ya'yanta sukan fara da kore, in sun nuna daga ƙarshen damina zuwa kaka sai su yi baƙi wuluk su riƙa zubowa ƙasa. Wanda ya gaza haƙurin jira ya dinga latsa ɗanya har ta yi laushi, shi ne aka yi wa karin maganar nan ta ɗinyar makaho, wadda ta nuna a hannunsa.

Na ga yadda ake yin maɗi da idona ina yaro, a hannun kakata, a wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Da asuba mukan bi ta da ƙorai zuwa gindin ɗinya mu tsinto waɗanda suka faɗo cikin dare. In an zo gida a tsince ruɓaɓɓu, a wanke, a jiƙa cikin babbar tukunya. Sa'an nan a dama da hannu ko a ɗan kirɓa a turmi, yadda tsokar za ta rabu da ƙwallon. Daga nan a juye cikin kwando mai ƙananan idanu a ɗora bisa wata tukunya, a riƙa zuba ruwa yana tsiyayewa, a sake mai da shi, har sai tuƙar ta salamce. Wannan baƙin ruwa shi ake ɗorawa a murhu tun hantsi, ana juyawa da muciya ana kwashe kumfa, wani lokaci har la'asar. Kakata ba ta da ma'aunin zafi. Takan ɗaga muciya ta dubi yadda yake zubowa, ko ta ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, in ya dunƙule bai watse ba ta ce ya yi. In alewa ake so sai a ƙara masa wuta, a sauke, in ya sha iska a yi ta jan sa ana naɗewa har ya yi ƙarfi. Wasu sukan haɗa da taura ko kanya don sauya ɗanɗano.

Duk wanda ya kwatanta wannan da abin da Baturen nan yake yi a bayan gidansa zai ga aiki ɗaya ne. Shi daga jikin itaciya yake samun ruwansa, mu daga 'ya'yanta, amma daga nan sai wuta da haƙuri da sanin lokacin saukewa. Haka kuma mutanen Iraƙi da sauran Larabawa suke yi wa dabino su sami abin da suke kira dibis, wanda har yau ake sayarwa a kasuwanninsu. A Indiya da Kambodiya kuwa 'yar'uwar giginyarmu ake tatsa, a shafa farar ƙasa cikin tukunya don kada ruwan ya yi tsami, a dafa ya zama wani abu kamar mazarƙwaila. Ashe ke nan ba a bar mu a baya ba wajen rabon wannan baiwa. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya ambaci maɗi da alewar ɗinya cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na shekarar 1916, haka kuma kalmar tana nan cikin ƙamusun Bargery na 1934. Abin kunya ne a ce baƙo ya rubuta abin da ɗan gida bai sani ba.

Bayan maɗi, ɗinya tana da sauran amfani. Ɗanyen tohonta shi ne ɗinkin da ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Almajirai sukan dafa ganyenta da ƙaro su yi tawada, kuma wanda ya san tarihin 'Yandoto ta ƙasar Tsafe a fagen ilmi ya san darajar tawada a wannan yanki. Furenta yana jan ƙudan zuma, shi ya sa masu amya suke son rataya ta a rassanta. Watau itaciya guda tana ba da zaƙi iri biyu, na maɗi da na zuma.

Abin Da Ya Raba Mu Da Su

Tambayar da ta dace ita ce, me ya sa nasu ya bunƙasa namu ya dusashe, alhali dukansu biyu daga murhun tsakar gida suka faro? Masu saurin yanke hukunci za su ce ai su sun ci gaba ne. Amma in aka bi tarihi za a ga maɗin mapul ma ya gamu da abokin gabar da namu ya gamu da shi, watau farin sukarin rake. Wajen shekarar 1790 wasu masu ƙin cinikin bayi a Amurka, cikinsu har da likita Benjamin Rush na Filadelfiya, sun yi ta kira a koma ga sukarin mapul don a ƙaurace wa sukarin da bayi suke nomawa a tsibiran Karibiyan. Wannan buri bai cika ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 sukarin rake ya yi arahar da ba mai iya karawa da shi. Abin da manoman mapul suka yi shi ne, suka bar gasar araha, suka rage dafa shi har ya zama sukari, suka koma sayar da shi a matsayin maɗi, saboda ƙamshi da ɗanɗanon da farin sukari ba ya da su.

Sa'an nan suka yi wa sana'ar gata. Suka auna komai suka rubuta, yadda wanda bai taɓa ganin ana yi ba zai iya karantawa ya gwada a bayan gidansa. Suka rarraba maɗin aji-aji bisa ga launinsa da ɗanɗanonsa. A lardin Kebek na Kanada, wanda shi kaɗai yake samar da wajen kashi 70 cikin ɗari na maɗin mapul na duniya, manoman sun kafa tarayyarsu a shekarar 1966, daga baya kuma suka yi rumbun ajiya domin shekarar da kaka ba ta yi kyau ba. Darajar abin ta kai har a tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka sace kusan tan 3,000 daga rumbun nan, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya kai dalar Kanada miliyan 18. Ɓarawo dai ba ya fasa rumbun ƙaiƙayi.

Mu kuwa me muka yi wa namu? Mun bar shi a hannun tsofaffin mata da 'yan talla, muka ɗauke shi abincin ƙauye, abin da ɗan boko ba ya so a gan shi da shi. Ba mu auna ba, ba mu rubuta ba, ba mu ƙulla shi cikin kwalba mai tsabta ba. Saboda haka duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da nata sanin kabari.

Abubuwan Da Suka Kashe Kasuwar Maɗi

A ganina abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko shi ne farin sukari. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, kantunan Turawa suka buɗe, kayan waje suka fara shiga ƙauyuka. Sukari ba ya bukatar itacen wuta, ba ya jiran kaka, ga shi fari fat, sai ya zama alamar wayewa. Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta kafa kamfanin sukari a Bacita, daga baya kuma na Numan, ta kuma kafa hukumar bunƙasa sukari ta ƙasa a 1993. Duk da haka har yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen sukarin da ake tacewa a Nijeriya daga waje ake sayo shi, galibi daga Barazil. Ma'ana, duk sa'ad da Naira ta faɗi, kunun mai azumi a Bunguɗu sai ya ji a jikinsa.

Na biyu shi ne gatari. Kakanninmu in za su yi sabuwar gona sukan bar ɗinya da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kanya a tsaye, domin sun san kowace da ranarta. Yanzu yawan jama'a da tsadar kananzir da gas sun sa itacen wuta da gawayi sun zama babbar sana'a, kuma mai sara ba ya tambayar ko itaciya tana 'ya'ya. Da aka tashi mai da abin da aka sare kuwa, sai aka cika garuruwa da dogon yaro, baƙon ƙasashen Asiya da aka shigo da shi Barno a 1928, da su turare. Ba na raina dogon yaro, inuwarsa ta rufa wa garuruwanmu asiri. Amma ba a taɓa jin yaro ya ƙoshi a gindinsa ba.

Na uku, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne rashin tsaro. Tun wajen shekarar 2011 da ta'asar 'yan bindiga ta fara ƙamari a Zamfara, dawa ta zama abin tsoro. Ƙasashen Tsafe da Bunguɗu suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana wannan masifa, kuma duk mai bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san da haka. Wace uwa ce za ta tura 'yarta tsintar ɗinya da asuba a fadamar da manomi da kansa yake shakkar zuwa? Ɗinyar da ta tsira daga gatari tana can tana zubar da 'ya'yanta ga birai. Iyalai da yawa kuma sun baro ƙauyukansu sun tare a Gusau, yaransu suna tashi ba su san ɗinya daga kanya ba. Ta zama mana inuwar giginya, na nesa ka sha ta, mu da muke da ita ba mu amfana.

Hujjojin Masu Musu

Na san akwai masu cewa wannan magana ce ta marmari, mutanen da ke neman tsira da rayukansu ina su ina zancen maɗi? Amsata ita ce, halin da ake ciki shi ne ma babbar hujjar dawo da itatuwan gida. In da a ce ɗinyar nan tana garkar bayan gari ko harabar makaranta, da bazawarar da ta yi gudun hijira ta sami abin dafawa ta sayar ba tare da ta sa ranta cikin haɗari ba.

Wasu za su ce maɗi ba zai taɓa maye gurbin sukari ba. Gaskiya ne, ni ma ban ce zai maye ba. Ƙasar da take shan fiye da tan miliyan ɗaya da rabi na sukari a shekara ba ɗinya za ta ɗauke mata wannan kaya ba. Amma mun riga mun ga mapul ma bai kori sukari ba, nasa gurbi ya nema ya zauna. Ga mazarƙwaila nan, har yau tana da masu nemanta a kasuwar Gusau ko da ta fi sukari tsada, saboda akwai kunu da fura da ba sa daɗi sai da ita. Zuma ma haka. Me zai hana maɗi ya sami irin wannan matsayi?

Akwai kuma hujjar itacen wuta, wadda ta fi sauran ƙarfi. Dafa maɗi yana cin wuta ƙwarai, kuma wauta ce a sare itaciya goma don a dafa 'ya'yan guda ɗaya. A nan ma akwai abin koyo daga masu mapul, domin sun bar zurfafan tukwane sun koma faffaɗan faranti marar zurfi, wanda ruwa yake saurin ƙonewa a cikinsa. Maƙeran Gusau da suke ƙera kaskon suya da tukwanen dalma ba za su kasa yin irinsa ba. In aka haɗa da murhu mai rufi, aka yi amfani da karan dawa da ake samu a wadace da kaka, asarar za ta ragu ainun.

Masu kula da lafiya za su tunatar da mu cewa ciwon sukari yana yaɗuwa. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: maɗi zaƙi ne, kuma mai ciwon sukari bai tsira ba don ya bar fari ya koma baƙi. Kada mu bari 'yan kasuwa su mai da shi maganin kowace cuta, kamar yadda ake yi wa wasu kayan gargajiya a tashoshin mota. Darajarsa ita ce namu ne, a ƙasarmu yake fitowa, kuma kuɗinsa a hannun matanmu zai tsaya.

Daga ƙarshe akwai masu cewa ɗinya babbar itaciya ce, ba ta shiga gidan birni mai ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu, ga shi kuma tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya. Wannan ma haka yake. Sai dai bayan gida a wurin Bahaushe bai tsaya ga cikin katanga ba. Akwai garka, akwai gonar bakin gari, akwai filin makaranta da na Idi da gefen maƙabarta da bakin madatsar ruwa. Batun daɗewa kuwa, wanda ya dasa mapul yakan jira shekara talatin ko fiye. Ɗinyar da muka tsinta muna yara ma ba mu muka shuka ta ba, wani ne ya ƙyale ta domin mu.

Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

Wani zai ce wannan ai aikin malaman gona ne da na gandun daji, ina ruwan Sashen Hausa? Ruwanmu a ciki babba ne. Sana'a in ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, da kalmominta take tafiya. Har yau mawaƙa sukan haɗa zuma da maɗi in suna kwatanta daɗin abu, amma mai sauraro rabin kwatancin kawai yake ganewa. Ɗinkin da nunu da taɓo, yara nawa ne a Gusau za su iya faɗin itaciyar da kowannensu ya fito? Karin maganar da aka gina bisa abin da ba a gani kuwa, haddarta kawai za a yi don cin jarrabawa. Bugu da ƙari, masu fassara a gidajen rediyo da jaridu in sun ci karo da wannan abu na Kanada sukan ce zuma, ko su aro kalmar Turanci ɗungum, alhali ga maɗi nan ya dace da shi kamar an auna.

Saboda haka ina ba da shawarwari kamar haka. Da farko, a cikin kundayen neman digiri da muke rubutawa kowace shekara, a ware wasu domin sana'o'in abinci na mata. A je unguwannin Gusau inda 'yan gudun hijira suka sauka, da cikin garin Tsafe da Bunguɗu, a zauna da iyayenmu mata, a ɗauki muryarsu da izininsu, a rubuta sunan kowane mataki da kowane kayan aiki yadda suke faɗinsa da karin harshensu. Kada a tsaya ga kalmomi kaɗai. A tafi da mudu da agogo, a rubuta mudu nawa na ɗinya ya ba da kwalba nawa, cikin sa'a nawa.

Na biyu, a haɗa kai da sassan kimiyya. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna da masu iya auna kaurin da maɗi zai kai ya daɗe bai lalace ba. In sun auna, mu ne za mu mai da sakamakon cikin Hausar da mai dafawa za ta gane. Su kuma masana gandun daji su koya wa jama'a yadda ake tsirar da ɗinya, domin ƙwallonta yana da tauri, ba ya saurin fitowa sai an jiƙa shi ko an ɗan fasa, kuma takan yi toho daga saiwa.

Na uku, masu dashen itatuwa na gwamnati da na ƙungiyoyi su sa ɗinya da taura da kanya da ɗorawa cikin abin da suke rabawa. Sarakunanmu kuma, Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu, in suka umarci hakimai da dagatai su hana saran itatuwa masu 'ya'ya a kewayen gari, maganarsu za ta isa inda takardar ofis ba ta kaiwa. Mu ɗalibai ma Ƙungiyar Hausa tana iya farawa da dasa ko da guda goma a harabar jami'a, kowace a rataya mata allo da sunanta. Ranar bikin Makon Hausa kuma, maimakon lemon kwalba, a kawo wa baƙi maɗi da alewar ɗinya su ɗanɗana.

Kammalawa

Da na je hutu na nemi maɗi a kasuwa don in kawo wa abokin nan nawa, na sha yawo kafin wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi mini alkawarin dafawa in na samo mata ɗinya. Da ƙyar na sami mudu biyu a hannun wani yaro. Abin da ya fito bai cika ƙaramar kwalba ba. Na kawo makaranta, abokina ya lasa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya tuna mahaifiyarsa ta taɓa ba shi labarin wannan abu, amma shi ya ɗauka tatsuniya ce. Tsohuwar da ta dafa mini ta haura shekara saba'in, kuma ta ce cikin jikokinta ba wadda ta tsaya ta koya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Masu wannan ilmi suna ƙarewa, itatuwan da suka rage kuma suna inda ƙafa ba ta zuwa. In mun yi jinkirin shekara goma, za mu riƙa neman ma'anar maɗi cikin ƙamusun Bargery kamar yadda muke neman ta kalmomin da aka binne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa da gonarsa, ya kuma ba mu ikon dasa abin da na bayanmu za su tsinta. Amin.